Wai ni kare ne ko alade? Tambaya kan dabbobin shekarar haihuwa na 'yan Chana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne ina harkar kayan waya a Farm Centre Kano, kuma ina yawan zuwa Guangzhou saro kaya. Akwai wata mata da nake sayen caja da batir a wajenta, muna cikin hira ta tambaye ni ranar haihuwata na ce 12 ga Janairu 1995, kawai sai ta yi murmushi ta ce ai ni kare ne, wai shi yasa nake da amana. Wallahi raina ya ɓaci na dai daure saboda ciniki. Da na koma masauki na duba intanet kuma sai na ga wai 1995 shekarar alade ce, to kaga abun ya ƙara lalacewa. Dan Allah a min bayani, zagina ta yi ko me? Kuma da gaske dabbar shekarar mutum tana nuna halinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, ba zaginka ta yi ba, yabonka ma ta yi, kuma a lissafi ita ce da gaskiya ba intanet ba.

Sinawa suna da dabbobi 12 da suke jera wa shekaru, kowace shekara da dabbarta, in an gama zagaye a sake daga farko. Jerin shine ɓera, sa, damisa (irin ta Asiya mai zane-zane), zomo, diragon wanda su suke kira Long, maciji, doki, akuya ko tunkiya, biri, zakara, kare, sai alade a ƙarshe. Matsalar da ka ci karo da ita ita ce shekararsu ba ta farawa 1 ga Janairu, tana bin wata ne, sabuwar shekara tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 1995 sai ranar 31 ga Janairu aladen ya shigo, kai kuma an haife ka 12 ga wata, kenan kana cikin wutsiyar shekarar kare da ta fara 10 ga Fabrairu 1994. Duk wanda aka haifa a Janairu ko farkon Fabrairu kafin sabuwar shekararsu ta shigo yana faɗawa wannan ramin, saboda yawancin shafukan nan lambar shekara kawai suke kallo su yanke hukunci.

To me yasa ma ta tambaya? Ka san su ma kamar mu tambayar mutum shekarunsa kai tsaye tana da ɗan nauyi, musamman mace ko babba. Sai a tambaye ka dabbarka, da ka ce kare an san ko dai 1982 ko 1994 ko 2006, a kalli fuskarka a gane wanne ne, shikenan an san waye yaya waye ƙane kuma an san irin girman da za a ba ka a wajen cin abinci. Ga mafi yawan 'yan birni abun bai wuce nan ba, hira ce da barkwanci.

Yanzu halayen. Kare a wajensu alamar amana ne da gaskiya da tsayawa kan adalci, ana cewa mai shekarar kare ba ya cin amanar aboki, in ya riƙe ka ya riƙe ka kenan, kuma ba ya iya ganin ana zaluntar wani ya yi shiru. Aibin da suke jingina masa shine yawan damuwa da zargi, kullum yana ganin kamar wani abu zai lalace, ga kaifin baki in ransa ya ɓaci. In 'yar kasuwa ta ce wa kwastomanta kare mai amana, fassarar maganar ita ce zan iya ba ka kaya bashi in yi barci. Aladen da ya ƙara tayar maka da hankali shi ma ba abun kunya ba ne a can, domin ga manomin Sin gidan da ke da alade mai ƙiba gidan wadata ne, shi yasa suke cewa mai wannan shekara yana da kyauta da sauƙin kai da zuciya ɗaya, yana son ci da hutu, kuma saurin yarda da mutane yana sa a damfare shi. Su ma sun san akwai waɗanda abun ba ya musu daɗi tunda akwai Musulmi miliyoyi a ƙasar, 'yan ƙabilar Hui da Uyghur da sauransu, har a 2007 da shekarar alade ta zo gidan talabijin na gwamnati CCTV ya hana sa hoton alade a tallace-tallace saboda kar a sosa musu rai.

Sauran kuma in ka san dabbar kusan za ka iya cankar abun da za a ce. Ɓera wayo da iya tattali da saurin hango inda riba take, a tatsuniyarsu ma da wayo ya zo na ɗaya, an sa gasar tsallake kogi ya haye bayan sa, da aka kusa gaɓa ya yi tsalle ya riga shi. Sa haƙuri da aiki tuƙuru da taurin kai. Damisa jarumta da gaggawa da ƙin a ba ta umarni. Zomo ladabi da taka-tsantsan da gudun rigima, wanda ya bambanta da zomon tatsuniyoyinmu mai shegen wayo, su biri suka ba wa wannan matsayin, shi ne mai dabara da son wasa da ba a cika sakin jiki da shi ba. Zakara kiyaye lokaci da faɗin gaskiya ko da ɗaci da son a gan shi ya yi ado. Maciji kuma zurfin ciki da hikima, ba ya faɗin abun da ke ransa, kuma shugabannin Sin biyu, Mao Zedong da aka haifa 1893 da Xi Jinping da aka haifa 1953 duk macizai ne, masu son abun kullum sai sun kawo wannan misalin. In ka tsallaka Biyetnam kyanwa ce a gurbin zomo, a Japan kuma aladen daji ne a gurbin na gida.

Masu duba na gaske a can ma raina wannan bayanin suke, sun ce na 'yan jarida ne. Su sai sun haɗa shekara da wata da rana da sa'ar haihuwa, abun da suke kira bazi, domin ko yini ɗaya an raba shi gida 12, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 1 sa'ar ɓera ce, daga 11 na safe zuwa 1 na rana ta doki. Sannan akwai abubuwa biyar da ke zagayawa tare da dabbobin, itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, shi yasa cikakken zagaye shekara 60 ne. Kai karen itace ne. Akwai kuma lissafin wa ya dace da wa a aure ko haɗin jari, kare da damisa da doki ana cewa jininsu ya haɗu, amma kare da diragon kishiyoyi ne, haka ɓera da doki, kuma har yanzu akan samu tsohuwar da za ta ɓata fuska a kan auren jikarta saboda wannan.

Sai tambayarka ta biyu, ko da gaske ne. Amsa a taƙaice a'a, babu wata hujja da ta nuna shekarar haihuwa tana ƙera hali. A Sin kaɗai an haifi yara sama da miliyan 20 a 1994, a ce duk masu amana ne ai da 'yan sanda sun huta. Kuma in ka lura da siffofin an dinka su ne yanda za su shiga jikin kowa, waye za a ce masa yana da amana amma yana yawan damuwa ya ce ƙarya ne? Wani abun da ke ban dariya shine asalin abun ma ba maganar halin jarirai ba ce. A 1975 an tono wani kabari a Shuihudi cikin lardin Hubei, na wajen shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka samu rubutu a jikin tsagin gora da ke ɗauke da ɗaya daga cikin tsofaffin jerin dabbobin, kuma amfaninsa gano ɓarawo ne, wai in an yi maka sata a ranar ɓera to ka nemi mutum mai tsinin baki da gemu tsilli-tsilli. Lokacin jerin bai ma gama zama ba, barewa ce a inda doki yake yanzu. Sannan tun ƙarni na farko wani malaminsu Wang Chong ya yi wa lissafin ba'a a littafinsa Lunheng, yana tambaya tunda a lissafin ɓera na ruwa ne doki na wuta, in dai ruwa yana cin wuta me ya hana ɓera ya kori doki, kuma me ya hana zakara ya cinye zomo. Kaga masu shakka ba yau suka fara ba, daga cikin gida ma suka fito.

Amma inda nake so ka tsaya da kyau shine, abun ba gaskiya ba ne amma yana aiki a rayuwar mutane saboda sun yarda da shi. Ɗauki diragon. Shi kaɗai ne ba dabbar gaske ba a cikin 12 ɗin, alamar sarauta ne da sa'a, ana cewa 'ya'yansa suna da kwarjini da buri da girman kai. Bruce Lee da muka taso muna kallo an haife shi 1940 shekarar diragon, sunan Sinanci da yake fitowa da shi a fim ma ƙaramin diragon yake nufi. Saboda haka ma'aurata suna saita haihuwa ta faɗo a shekarar, an ga haihuwa ta ƙaru a Taiwan da Hong Kong da Singafo a shekaru irin su 1988 da 2000 da 2012, har a 2024 firaministan Singafo na lokacin Lee Hsien Loong ya fito a saƙon sabuwar shekara yana roƙon matasa su ƙaro ɗan diragon a gida. A Sin kanta haihuwa ta tashi daga miliyan 9.02 a 2023 zuwa miliyan 9.54 a 2024 bayan shekaru tana sauka, duk da cewa aurarrakin da aka ɗaura bayan korona su ma sun taimaka. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Naci Mocan da Han Yu, sun bi diddigin yaran diragon a wani bincike na 2017 suka ga lallai sun fi cin jarrabawar shiga jami'a, amma da suka tona sai suka ga iyayen ne, sun sa wa yaran rai sun fi kashe musu kuɗi da lokaci, da aka cire wannan daga lissafi sai fifikon ya ɓace. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi ta Ghana za su gane wannan, a wajen ƙabilar Asante ana cewa Kwadwo ɗan Litinin mai sanyi ne, Kwaku ɗan Laraba kuma fitinanne, kuma a 1954 wani mai bincike Gustav Jahoda ya duba takardun kotun yara ya ga su Kwaku sun fi yawa a laifin faɗa, yaron da tun yana goye ake ce masa fitinanne me kake tsammani.

Ɓangaren da ba daɗi kuma mata ne suka fi shan wahalarsa. Akuya ana yaba ta da taushin hali da son fasaha, amma akwai wata tsohuwar magana da ke cewa cikin mutum goma masu shekarar akuya, tara ba sa cika da sa'a, har wasu ke danganta abun da sarauniya Cixi da aka haifa 1835 shekarar akuya, wadda ake ɗora wa laifin durƙushewar daular Qing. Kafin shekarar akuya ta 2015 an yi ta ba da labarin masu ciki da ke neman a musu tiyata su haihu kafin ta shigo, sai da kafafen gwamnati suka dinga fitowa suna cewa camfi ne. Mafi tsanani a Japan ya faru. Doki ana ce masa mai kuzari da son 'yanci da rashin haƙuri, to in ya haɗu da wuta, wanda sau ɗaya ke zuwa a shekara 60, wai macen da aka haifa a ciki za ta fi ƙarfin mijinta har ta yi ajalinsa. A 1965 an haifi yara kusan miliyan 1.82 a Japan, da dokin wuta ya zo a 1966 sai ya faɗo zuwa miliyan 1.36, a 1967 ya koma sama da miliyan 1.9. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kenan, a ƙasar da a lokacin har ta fara gudu da jirgin ƙasa mai saurin tsiya, saboda iyaye na tsoron kar su haifi 'yar da za ta rasa miji. 2026 ita ma dokin wuta ce.

Ta fuskar addini kuwa ka san matsayin malamanmu kan duba da neman sanin gaibu ta hanyar bokaye ko taurari, an hana, kuma zuwa wajen mai bazi ya faɗa maka ranar buɗe shago ko wadda za ka aura ya shiga ciki kai tsaye. Sanin cewa abokan cinikinka suna kiran 1994 shekarar kare kuma sanin al'adar mutane ne, kuma zai maka amfani, ko ba komai za ka san cewa lokacin bikin sabuwar shekararsu masana'antu suna rufewa na makonni ma'aikata su tafi garuruwansu, wanda bai yi oda da wuri ba sai ya zauna jiran kaya har Maris.

In ta sake ɗauko zancen ka tambaye ta tata dabbar, za ta ji daɗi, kai kuma ka samu shekarunta ba tare da ka tambaya ba. Kuma ka shirya wa 2030, domin kare zai dawo, su kuma a wajensu shekarar dabbarka ba ta murna ba ce, suna kiranta benmingnian kuma suna ganin ita ce shekarar da tsautsayi ya fi bin mutum, maganinta wai a sa jan abu a jiki wanda wani ya saya maka. Saboda haka in ka buɗe kwalin caja ka tarar da jar safa ko jan zare na ɗaurawa a hannu, kyauta ce ta fatan alheri, ka yi godiya, safar dai ka iya sawa lokacin sanyi, zaren kuma ka bar shi a kwalin.