Amsa ga ɗiyata a Agege: a bar filin Babanki a inda yake

Saƙonki ya iso, ɗiyata, na kuma saurari muryar Mamanki da ta biyo baya. Kin ce wata jami'a a nan Ingila ta ba ki gurbin mastas a fannin aikin walwalar jama'a, kuma suna jiran kafin alƙalami. Shawarar gida ita ce a sayar da filin Babanki na Sango a biya zangon farko, in kin iso ki kama aiki ki ƙarasa sauran. Irin wannan lissafi ya sha zuwa wayata, amma naki ya hana ni barci, domin na san halin da Yaya, wato Babanki, yake ciki tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina fita mayankar Abbatuwa.

Ban goyi baya ba, kuma ki saurare ni da kyau.

Wannan karatu shekara 2 ne, alhali yawancin mastas na Ingila shekara 1 ake yi. A mafi yawan jami'o'i kuɗin ɗalibin ƙetare ya haura fam 15,000 a shekara. Kafin a ba ki biza sai kin biya kuɗin kiwon lafiya, fam 776 na kowace shekara, a dunƙule. Sai kin nuna kuɗin zama na wata 9, sama da fam 1,000 a wata, sun kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Ga gwajin tarin fuka a Ikeja, ga tikiti. Nawa filin zai yi? Kuma da naira za a sayar. Kafin Yunin 2023 fam ɗaya a farashin gwamnati bai kai naira 600 ba, a 2024 ya wuce 2,000. A shekarar ce aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Yawancinsu sun zo da lissafinsu daidai, nairar ce ta narke musu a hannu.

Abin da ya fi ba ni wuya, wanda ejan, wato dillalin da ke nema wa ɗalibai gurbi, ba zai taɓa gaya miki ba, shi ne zaman koyon aiki. Kwana 200 ake nema kafin a yaye ki, mafi yawansu kina ofis daga safe zuwa yamma kamar cikakkiyar ma'aikaciya, ba a biyanki ko sisi. Biza ta yarda ki yi aikin kuɗi na awa 20 kawai a mako lokacin karatu. To yaushe za ki yi shi? Ni lokacin da na yi wannan karatu, dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, Juma'a da Asabar, in wanke su, in juya su, gari ya waye in hau bas da ƙafafu a kumbure, in zauna rubutun makaranta. Abin da na samu haya da abinci ya cinye. Tallafin da gwamnati ke ba ɗaliban wannan fanni na mazauna ƙasar ne, bai shafe mu ba. Chevening ma, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya ga 'yan ƙetare, kar ki sa rai, mastas mai shekara 1 take ɗauka.

Kuma a lokacin ni iyayena na da lafiya. Duk da haka waya ba ta daina ƙara ba: suna, biki, kuɗin asibiti, hayar wane ta ƙare. Har yau ina jin zafin ranar da aka ce wai na ci fam na manta gida, alhali ranar shayi da burodi na wuni a kai. Ke kuwa kece babba. Ranar da maganin hawan jinin Babanki ya ƙare, wa za a kira? Ki tuna irin aikin da za ki koya: za a tura ki gidan da ake shirin raba uwa da 'ya'yanta, ko wajen dattijon da ya daina gane matarsa. Yana bukatar zuciya a natse. Ba za ki iya zama gaban masu kuka ba, rabin hankalinki na Agege, rabi na kan wasiƙar bashin makaranta.

Alhamdu lillahi na gama, na yi rajista, yau ni ke horar da masu koyo, kuma ba wanda ya ɗora min wannan a faranti. Ina son ki kai nan, shi ya sa nake cewa ki bi ta Akoka. Jami'ar Legas da ke can tana da sashen wannan fanni, da naira za ki biya, a ɗakin Mamanki za ki kwana. Ki nemi koyon aiki a asibiti ko wata ƙungiya. Je ki Idi-Araba ko Mile 12 ki ga matanmu da ke zuwa asibiti su kasa faɗin ciwonsu da Yarbanci ko Turanci. Ke kina jin harsunan uku, irinki ake nema. Hukumar da ke yi mana rajista a nan tana duba takardun waɗanda suka yi karatu a waje, don haka in kin tara shaida da gogewa ƙofar ba ta rufe ba.

Kar ki tura wa ejan komai. Ki rubuta wa jami'ar ki tambaya ko za su ɗage miki gurbin zuwa baɗi. Ki turo min hoton takardar da suka ba ki da jerin magungunan Yaya. Kuɗin fom na Akoka da na zangon farko ni zan biya in sha Allah. Ki ce wa Mamanki zan kira ta ran Lahadi bayan isha'i, maganar filin ni da ita za mu yi.