Amsa ga ƙanen da ke tambayar canjin naira da fam ɗin Masar

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana shirin zuwa Alƙahira karatu, kuma an faɗa maka kuɗin Masar ya faɗi warwas saboda haka in ka zo da naira za ka wataya. To wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba amma rabin labarin ya ba ka. Fam ɗinsu ya faɗi kam (su "gine" suke ce masa, ka fara sabawa tun yanzu), sai dai ita ma nairar taka ai ba a tsaye take jiransa ba, tare suke gangarowa, wani lokaci wannan ya riga wani lokaci wancan.

Bari in ɗan ja ka baya. Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, aka canza fam ɗaya na Najeriya a kan naira biyu, shi ya sa har gobe tsofaffi a kasuwa in sun ce fam naira biyu suke nufi, jaka kuma naira 200. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba ma, wajen kwabo 55 ce. Sai Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986 aka karya darajarta, zamanin Abacha gwamnati ta kafe ta a kan 22 amma a Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, ana sayar da dala sama da 80. A Yunin 2016 ta tashi daga 197 zuwa wajen 280, a Yunin 2023 Tinubu ya sake ta daga 460 da ɗoriya ta haura 700, kafin Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wannan kai ma ka gani da idonka.

Nasu kuma wallahi kamar an kwafa. Ranar 3 ga Nuwamba 2016 babban bankinsu ya saki gine saboda sharaɗin bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, dala tana 8.8, kafin shekara ta ƙare ta kai 18. Ya ɗan farfaɗo ya zauna wajen 15.7 na ƴan shekaru har mutane suka saki jiki, sai yaƙin Rasha da Yukren ya zo, su kuma alkamarsu yawanci daga can take zuwa, masu zuba jari suka kwashe dalolinsu, a Maris 2022 ya koma 18, Oktoba 24, Janairun 2023 wajen 30. Nan gwamnati ta riƙe shi a banki a kan 31 fiye da shekara alhali a bayan fage ya kusa 70, ba dala a banki ko ta magani. Sai da Daular Larabawa ta zuba dala biliyan 35 a yarjejeniyar raya yankin Ras al-Hikma da ke gaɓar tekun Masar sannan ranar 6 ga Maris 2024 suka sake shi, a wuni ɗaya ya tafi kusan 50.

Yanzu ɗauki biro ka raba. A 2015 dala na 197 a wurinmu, wajen 7.7 a wurinsu, gine ɗaya ya kama naira 25 kenan. Bayan Maris 2024 raba 1,500 da 48, naira 31 da wani abu. Ka gani? Duk hayaniyar nan ta shekara tara, tsakanin naira da gine abin bai wani motsa ba, makaho ne ke jan makaho. Abin da ya motsa shi ne abin da ginen ke iya saya. Hauhawar farashin kaya a nan Masar ta kai kashi 38 cikin ɗari a Satumbar 2023. Hatta burodin tallafi da ya shekara sama da 30 ana sayar da shi ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kwabonsu) sun mayar da shi 20 a 2024, kuma ma wannan na masu katin tamwin ne, wato katin tallafin abinci na ƴan ƙasa, kai baƙo na kasuwa za ka saya. Ga haya, tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo, masu gidaje suka samu dama, a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira ɗakin da mu uku muke biya cikin sauƙi sai da muka ƙaro mutum na huɗu, kuma mai gidan bai fasa zuwa da sabon farashi ba duk sabunta yarjejeniya.

Don haka in babanku zai yi maka lissafi, dan Allah kada ya yi da labarin wani yayanku da ya gama a 2018. Ya yi da dala. In Azhar za ka shiga ɓangaren addini, kuɗin makaranta ba shi ne ciwon kai ba, ci da haya da iƙama (takardar izinin zama) ne. In kuma likitanci ne ko injiniya a jami'ar Alƙahira ko Ain Shams, to baƙi da dala ake yanka musu kuɗi, faɗuwar gine ba ta rage maka ko sisi, faɗuwar naira ce kawai za ta same ka. Na san waɗanda suka fara shekarar farko ana sayen dala a kan naira 460 ta Form A (fom ɗin neman dalar kuɗin makaranta a banki), kafin su kai aji uku iyayensu na neman ninki uku na kuɗin, wasu dole suka tattara suka koma gida.

Abu na biyu, kada ka canza duk guzurinka zuwa gine rana ɗaya, riƙe dalarka ka riƙa canza na wata wata a banki ko sarrafa (shagon canji) mai lasisi, ka adana rasit ɗin domin ana iya tambayarka. Nan ba Wapa ba ce da za ka tsaya bakin titi kuna ciniki, canji a bayan fage laifi ne na ɗauri, kuma tun bayan Maris 2024 ma bambancin farashin banki da na bayan fage ya kusa ɓacewa, babu ribar da ta kai ka jefa kanka a ciki.

Faɗa min wace kwaleji ka nema kuma ko ka samu gurbi a Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, don in da ɗakin kwana da abinci lissafin daban ne gaba ɗaya. Ka gaida su Baba.