Jirgin da ya zarce titi a Kozhikode: me ya sa aka goge abin da na rubuta a Wikipedia?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ban daɗe da fara rubutu a Wikipedia ta Hausa ba. Na ɗauko labarin jirgin Air India Express da ya zarce titin sauka a Kozhikode ta ƙasar Indiya a 2020. Na rubuta cewa mutum 18 suka rasu, kuma ruwan sama ne ya jawo hatsarin, har jaridar da na gani na saka. Washegari na tarar an goge duka biyun. Kutse aka yi min, ko kuwa wani ne ya sa min ido?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, asusunka lafiya lau yake. Kowane shafi a Wikipedia yana da tarihinsa. In ka buɗe tarihin za ka ga sunan wanda ya yi gyaran, da lokacin da ya yi, galibi har da ɗan dalilin da ya rubuta. Rubutunka ma yana nan a ajiye a ciki, bai ɓata ba. Sai dai kafin ka mayar da shi, bari mu duba ko mutumin nan yana da gaskiya, domin ina ganin yana da ita.

Jirgin ƙirar Boeing 737-800 ne, lambar tafiyarsa 1344. Ya taso daga Dubai ranar 7 ga Agusta, 2020, ɗauke da mutum 190, fasinjoji 184 da ma'aikata 6, cikin shirin gwamnatin Indiya na kwaso 'yan ƙasarta da annobar korona ta ritsa da su a waje. A kwanakin farko jaridu sun ce mutum 18 suka mutu, kuma a lokacin gaskiya suka faɗa. Daga baya wasu daga cikin waɗanda suka jikkata suka cika a asibiti, adadin ya kai 21, har da matuƙan jirgin biyu. Jaridar da ka kafa hujja da ita ba ta yi ƙarya ba, labarinta ne ya kwana. Duk lokacin da za ka ɗauki adadi a labarin hatsari, fara duba ranar da aka buga labarin tun kafin ka duba sunan jaridar.

Maganar ruwan sama kuwa ita ce mai nauyi. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a daren, wannan ba a musu. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin "ana ruwan sama lokacin da jirgin ya sauka" da "ruwan sama ne ya jawo hatsarin". Ta farko abin da aka gani ne da ido. Ta biyun hukunci ne, kuma masu yanke shi su ne masu bincike. Hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta Indiya ta fitar da rahotonta na ƙarshe a watan Satumba na 2021, fiye da shekara guda bayan faruwar abin. Rahoton ya ce abin da ya fi yiwuwa ya haddasa hatsarin shi ne matuƙin da ke riƙe da jirgin bai bi ƙa'idojin aiki ba. Ya ci gaba da sauka duk da cewa jirgin bai daidaitu ba, bai taɓa ƙasa ba sai wajen tsakiyar titin, a ƙafa 4,438 cikin titi mai tsawon ƙafa 8,858, alhali mataimakinsa ya yi kiran a fasa a sake tashi. Shi ma mataimakin rahoton ya ce bai karɓe sarrafa jirgin ba. Ruwa, da iskar da ke turo jirgin ta baya, da matsalar na'urar share gilashi, duk sun fito a rahoton, kowanne a gurbinsa.

Ka lura da yadda na faɗe shi: "rahoton ya ce". Haka za ka rubuta. Ko bayan fitowar rahoto, maƙala mai kyau takan jingina hukunci ga wanda ya yanke shi, kuma takan bar kalmar "ya fi yiwuwa" yadda masu binciken suka sa ta. Mu a hira mun saba da cewa "ai direban ne ya yi ganganci", magana ta wuce. A kundin da dubban mutane za su karanta, har da dangin mamatan, irin wannan riga malam masallaci ne.

Wani wurin da na ga masu fassara na tuntuɓe shi ne lambar titi. Za ka ga wani labari ya ce titi na 28, wani ya ce na 10, sai ka ɗauka ɗaya ya yi kuskure, ko kuma filin na da tituna rututu. Titi ɗaya ne. Ana raɗa wa kowane bakin titi lamba gwargwadon inda ya fuskanta a kamfas: 10 na nufin wajen digiri 100, wato kusan gabas, 28 kuma wajen digiri 280, kusan yamma. Matuƙan sun fara gwada sauka ta bakin 28 suka fasa, suka zagayo ta bakin 10, a nan ne abin ya faru. Haka ma lokaci. Hatsarin ya faru ne da ƙarfe 7:41 na dare agogon Indiya, wanda ya yi daidai da 3:11 na yamma a Najeriya da Nijar, domin Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi. Rubuta agogon wurin da abin ya faru, ka faɗa ƙarara cewa na can ne.

Abin da za ka yi yanzu mai sauƙi ne. Shiga shafin tattaunawa na maƙalar ka yi wa mutumin godiya, sannan ka gyara adadin zuwa 21, ka buɗe sashe na bincike ka sa abin da rahoton ya ce. Kada ka shiga ja-in-ja na ya goge ka mayar, ya goge ka mayar. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya shan toshewa, kuma ko a tamu ta Hausa ba hali ne da ake so ba.

Tambaya: Malam, na ɗora hoton tarkacen jirgin da aka turo min a WhatsApp, ko kwana biyu bai yi ba aka cire. Ai hoton na yawo ko'ina, me ya sa nawa ne kaɗai laifi?

Amsa: Yawon hoto ba ya sa ya zama na kowa. Rumbun hotunan Wikipedia, wato Wikimedia Commons, yana karɓar hoton da kai ka ɗauka da hannunka, ko wanda mai shi ya sake shi da lasisin da ya yarda kowa ya yi amfani da shi har a kasuwanci, ko wanda haƙƙin mallakarsa ya riga ya faɗi. Hoton WhatsApp ba ka ma san wanda ya ɗauka ba, balle ka ce ya yarje maka. In ka danna "aikina ne" alhali ba naka ba ne, aka kama ka sau biyu sau uku, asusun ne zai tafi.

Akwai kuma haɗari na biyu da ya fi damuna. Wannan kamfani dai ya taɓa yin irin wannan hatsari a Mangalore ranar 22 ga Mayu, 2010. Jirgi iri ɗaya, shi ma daga Dubai, shi ma a filin da titinsa ke kan tudu da gangare a ƙarshensa, mutum 158 suka rasu, 8 suka tsira. Na Mangalore ya kama da wuta, na Kozhikode kakkaryewa ya yi amma bai ƙone ba. In aka turo maka hoton ƙonannen jirgi aka ce na Kozhikode ne, ka san da sake. Sa hoton a Google Lens ko TinEye ka ga tun yaushe yake intanet. Kafin ma ka wahalar da kanka, leƙa Commons ka nemi lambar rajistar jirgin, VT-AXH. Masu sha'awar ɗaukar hoton jirage sukan sa hotunan da suka ɗauka tun jirgi na da lafiyarsa, kuma irinsu ne akasari ake sawa a akwatin bayanin maƙala.

Tambaya: Ina yi maka fatan alheri Malam. Ni malamar makaranta ce a Maraɗi, kuma waya kawai gare ni, ba ni da kwamfuta. Na gwada manhajar fassara ta Wikipedia, Hausar da ta ba ni ko ni ban gane ta ba, kuma da na zo wallafawa ta ƙi. Ga shi wayata ba ta da ƙ da ɗ da ɓ.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ƙin da ta yi da gangan ne. An gina manhajar ta riƙa auna yawan rubutun na'ura da aka bari ba a taɓa ba, in ya yi yawa sai ta yi gargaɗi ko ta hana wallafawa. Ni kam ina goyon bayanta, don na sha karanta maƙalolin Hausa da kalmominsu namu ne amma ƙashin bayansu na Turanci. A fannin jirage abin ya fi muni. Filin Kozhikode irin wanda aka yanke kan tudu aka shimfiɗa titi a kai ne, Turawa na kwatanta shi da saman teburi. Na'ura za ta iya kawo miki "titin teburi", mai karatu a Tasawa ko Katsina ya rasa inda aka dosa. Ki ce "titin da ke kan tudu, da gangare a ƙarshensa", kowa ya gane. Haka "baƙin akwati": sunan ya zauna a bakin mutane, ki yi amfani da shi, amma ki ƙara cewa na'urori biyu ne, ɗaya na naɗar maganar matuƙa, ɗaya na naɗar bayanan tafiyar jirgi, kuma launinsu ruwan lemo ne don a gan su cikin tarkace.

Dabarar da nake bi ita ce in karanta sakin layi ɗaya in fahimce shi, in kawar da ido, in rubuta shi kamar ina ba wa maƙwabcina labari, sannan in dawo in tantance alƙaluma. Tunda ke Faransanci ne yaren bokonki, kina iya ɗaukowa daga Wikipedia ta Faransanci, amma ki bi manazartar ki tabbatar sun faɗi abin da aka jingina musu. Wikipedia ba ta zama madogara ga Wikipedia.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, sauke Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, ki shiga saitin harsuna ki ƙara Hausa. In ba su bayyana a fili ba, ki danne k ko d ko b na ɗan lokaci, za su ɓullo. Shawara ta ƙarshe: rubuta a manhajar ajiye rubutu ta wayarki tukuna, sannan ki kwafa ki liƙa. Sabis ya sha ɗaukewa da aikin awa biyu na mutane, ni ma ya taɓa yi min.

Tambaya: Na ga Flightradar24 na nuna tsayi da gudun jirgi. Zan iya lissafawa da kaina in rubuta cewa jirgin ya shigo da gudu fiye da kima?

Amsa: A'a. Shafin na tattara saƙonnin da jirage ke watsawa da kansu ta tsarin ADS-B, ta hanyar dubban ƙananan na'urorin karɓa da masu sa kai suka kafa a gidajensu. Abu ne mai amfani, amma idan jirgi ya yi ƙasa sosai saƙon kan yanke, kuma gudun da kake gani galibi gudu ne a kan ƙasa, wanda iska ke ƙarawa ko ragewa, ba wanda matuƙi ke sauka da shi ba. Ko da lissafinka ya yi daidai, dokar Wikipedia ta hana mutum sa binciken kansa. In wata kafa mai mutunci ta ruwaito bayanan ta yi sharhi a kai, sai ka ce ita ta ce.

In sabon hatsari ne, ga ma'aunin jira: ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanadi rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin wata 12 in ya yiwu. Rahoton farko yakan tsaya kan abin da ya faru, ba ya yanke dalili. A Najeriya hukumar binciken hatsarin sufuri, wato NSIB, ce ke wannan aiki. Sa maƙalar a jerin shafukan da kake bibiya, don ranar da rahoto ya fito a sami mai komawa ya sabunta ta. Maƙalolin hatsari da yawa a ƙananan harsuna sun daskare a labarin makon farko, saboda wanda ya fara su ya yi gaba abinsa.

Tambaya: Malam, da na danna "gyara" sai aka ce an toshe ni, alhali ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba.

Amsa: Duba saman wayarka, in akwai alamar ɗan makulli to VPN ɗinka, wato manhajar da ke ɓoye adireshin intanet ɗinka, a kunne yake, kuma Wikipedia na toshe gyara ta irin waɗannan hanyoyi. Kashe shi ka sake gwadawa. In babu VPN, mai yiwuwa adireshin intanet ɗin da kamfanin layinka ya ba ka ne aka toshe saboda ɓarnar wani, tunda mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya. Laifin wani ne ya shafe ka. Kunna yanayin jirgin sama na 'yan daƙiƙu ka kashe, sau da yawa za a sauya maka adireshi. In ya ƙi, saƙon toshewar na ɗauke da bayanin yadda ake neman a keɓe asusunka daga toshewar.

Tambaya: Na samu jerin sunayen fasinjojin jirgin gaba ɗaya a wani shafi. In saka a maƙalar don ta cika?

Amsa: Kada ka saka, ɗan'uwa. Adadi ya wadatar: fasinjoji nawa, ma'aikata nawa, nawa suka rasu, nawa suka jikkata. Yawancin mutanen nan suna raye, wasunsu yara ne a lokacin, kuma babu wanda ya nemi izininsu kafin a liƙa sunansa a shafin da Google zai riƙa fito da shi shekara da shekaru. Irin waɗannan jerin ma cike suke da kurakurai, kuma da yawansu daga takardar da aka ɗauka a hoto aka watsa ba bisa ƙa'ida ba suka samo asali. In ka ga wani ya riga ya saka, musamman da lambar waya ko ta fasfo, cire shi nan take, sannan ka tuntuɓi ɗaya daga cikin masu kula da shafin ya ɓoye wannan gyaran daga tarihi, domin gogewa kaɗai ba ta hana mai tono ya gano shi a can.