Amsa ga mai tambaya kan iPhone XR da iPhone 11 na hannu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka sun tsaya tsakanin XR da iPhone 11, duka na hannu, kana son sanin wacce za ka ɗauka. Na riƙe su duka biyun, kuma in dai bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, ɗauki 11.

Babban dalilina ba kyamara ba ne, shekaru ne. XR ta fito a 2018, 11 kuma a 2019. Da kamfanin Apple ya saki iOS 26, wato sabon tsarin da ke tafiyar da iPhone, a 2025, ya bar XR a baya, ta tsaya a iOS 18, ita kuwa 11 ta samu. Yau ba za ka ji wannan a jikinka ba, WhatsApp da manhajar banki duk suna aiki. Amma sannu a hankali manhajoji ke daina karɓar tsohon tsari, kuma XR ce za ta fara shiga wannan layin. Ranar da ka tashi sayarwa ma, dillali da wannan zai karya maka farashi.

Gilashinsu iri ɗaya ne, inci 6.1, kuma babu mai 5G a cikinsu. 11 ta ɗan fi sauri, tana da kyamara biyu a baya, tana ɗaukar hoton dare mai kyau, abin da XR ba ta iyawa. Batir kusan kunnen doki ne. Kada dai ka yarda da mai ma'ajiyar giga 64 in kana cikin guruf-guruf na 'yan'uwa da ake turo bidiyon biki, nemi 128.

To amma duk wannan lissafin sabuwar waya ne. A ta hannu, lafiyar wayar da ke tafin hannunka ta fi sunanta. XR da ba a taɓa kwance ta ba ta fi 11 da aka sauya wa gilashi da batir. Na taɓa raka ƙanena wani shago, aka miƙo mana 11 tana ƙyalli, batir na nuna ɗari bisa ɗari. Wayar da ta shekara biyar a duniya! Na ce a sa mana bidiyo, kafin mu gama ciniki caji ya zube kamar an huda buhu. An yi wa lambar dabara ne kawai.

Saboda haka kada ka yi sauri a shagon. Shiga Settings, General, About. In an sa gilashin da ba na asali ba, 11 takan nuna a wurin, XR kuwa batir kaɗai take tona wa asiri. Ja allon sarrafawa, ka danne wurin haske, ka ga ko True Tone, wato abin da ke daidaita launin gilashi da hasken wuri, na nan. In babu, galibi an taɓa gilashin. Saita Face ID, wato buɗe waya da fuska, da fuskarka nan take, domin gyaransa tsada gare shi, wani ma ba ya gyaruwa. Sa layinka ka kira wani, ka ji sifika da makirfo. Danna *#06# ka gwada IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wanda za a rubuta maka a rasit. Sannan a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ta tashi ba ta nemi iCloud ɗin wani, wato asusunsa na Apple, ba. Mai shagon da ya ƙi wannan, yi masa sallama.

Af, akwai XR da ake sauya wa jiki ta koma kamar 13 Pro ko 14 Pro, kyamara uku a baya alhali ɗaya ke aiki. Ado ne kawai, kuma tunda an kwance ta, ruwa da ƙura sun samu ƙofa. Ni ban ba ka shawararta ba.

Ka nemi garantin ko da mako ɗaya ne, a rubuce a jikin rasit. Allah Ya sa a dace.