Likita, mai lupus zata iya yin allurar nimoniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina da ciwon lupus ne ina shan prednisolone da methotrexate, toh likitan da nake gani yace inje inyi allurar rigakafin nimoniya amma yayata tace wai ai allurar jarirai ce, kuma tunda garkuwar jikina tayi ƙasa zata iya saka min cutar ko ta tayar min da ciwon, wallahi duk na rikice.
Wata baiwar Allah daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ƙara afuwa. Kije kiyi allurar nan, irinku ne ma suka fi buƙatarta. Gaskiya ne tun 2014 Najeriya ta fara sakata cikin alluran yara, ana yi a sati 6 da 10 da 14, amma ba yara kaɗai ƙwayar pneumococcus, wato ƙwayar cutar da allurar take karewa, take kamawa ba. Tana zama a hanci da maƙogwaro shiru, in ta samu jiki ba garkuwa sai ta gangara huhu ko ta shiga jini ko ta kawo sanƙarau, kinga ke kuwa ga lupus ɗin kansa, wanda ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin, ga magungunan dake danne garkuwa, haka ma masu amosanin gaɓɓai dake shan irinsu.

Ki kwantar da hankalin Yaya, babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, ɗan ɓawon bayan ƙwayar ne kawai aka ɗiba don jiki ya ganeta, ba yadda za'ayi ta sa miki nimoniya, kuma binciken da akayi kan masu lupus bai nuna tana tayar da ciwon ba. Sai dai damtse yayi tsami ko ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu.

Abin lura shine lokaci. Anfi so ayi sanda ciwon ya lafa, in prednisolone ɗinki ya kai 20mg a rana likita zai iya cewa a jira a rage tukunna. Methotrexate yana ɗan rage ƙarfin allurar amma duk da haka tana aiki, dan girman Allah karki ajiye maganinki da kanki saboda ita. Masu ƙarin ruwan rituximab, wani maganin danne garkuwa, su ne sai an tsara musu sosai, ayi allurar kafin ruwa na gaba da aƙalla sati 2. Allurar kala-kala ce, in an samu mai suna PCV20 guda ɗaya ta wadatar, in PCV13 ko PCV15 ce sai a biyo da PPSV23 bayan aƙalla sati 8, ki ajiye katin.

Kuma daban take da ta sanƙarau da akeyi wa mahajjata. Wadda zaki yi hattara da ita itace ta zazzaɓin shawara (yellow fever), ita tana da ƙwaya mai rai, karki bari a miki sai likitanki ya sani. Ko bayan allurar in kika ji tari da ciwon haƙarƙari ko numfashi yana sarƙewa kije asibiti ranar, ko jikin baiyi zafi ba, don prednisolone yana ɓoye zazzaɓi.