Kada ku ci abinci kafin ku je

'Yar uwa, da na ga tambayarki cewa maƙwabciyarki a Lids ta ce ki kawo yara "tea" ƙarfe biyar, kina neman sanin ko ku ci abinci kafin ku je, sai da gabana ya faɗi, don kalmar nan ta taɓa sa ni kuka. Kada ku ci komai. A arewacin Ingila, su Lids, Manchesta da Shefil, abincin dare suke kira haka. Na rana kuwa shi ne "dinner" a bakinsu, shi ya sa masu raba wa yara abinci a makaranta ake ce musu "dinner ladies".

Ni a gidan kula da tsofaffi abin ya same ni, ina sabuwar zuwa. Shugabarmu ta ce in ba wani dattijo "tea" ɗinsa. Na haɗa masa shayi da madara har da biskit, ya sha ya yi godiya. Can da daddare matar nan ta tarar da farantinsa a kicin, dankali da kifi sun huce. Wallahi a gaban kowa ta hau ni da faɗa, wai na bar mai ciwon suga da yunwa, wai a ina na koyi Turanci. Ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani ba, amma kai ƙarata a rubuce bai yi mata wuya ba. Abokan aiki kowa ya sunkuyar da kai. A banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma bakin aiki. Har yau in na tuna yadda take nuna ni da farantin nan, raina ɓaci yake.

In shayin sha suke nufi, za ki ji sun ce "cuppa" ko "brew", kuma na ganye ne, ba Milo da muke kira shayi a gida ba. Wanda ake yi a otal wajen ƙarfe huɗu da kek da sanwici daban ne, al'adar masu hali ce tun wajen 1840, kuma da tsada.

Ki tambayi maƙwabciyar taki me za ta dafa, ba rashin kunya ba ne a wurinsu. Yaransu tsiran alade suke yawan ci da yamma, gara ki faɗa mata tun yanzu. Kuma in kin fara aiki, duk abin da aka sa ki, ki maimaita wa mai sa kin kafin ki juya, ko da za ta haɗe rai.