Hukuncin Salla da Kayan Gwanjo ga Mai Rage Ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce a Ɗorayi, 'ya'yana huɗu. Likita ya ce sugana ya fara hawa, dole in rage jiki. Na rage tuwo da shinkafa, na bar lemon kwalba, ina tattaki bayan asuba, ina kuma azumin Litinin da Alhamis. Cikin wata takwas na sauke kilo 13, ya ce da saura. To Malam, kayana duk sun zama kamar na aro. Na ɗinka kala biyu da ƙaramar salla, kafin babbar salla sun yi min yawa. Ga tsadar atamfa a Kwari, ga kuɗin tela. Sai na fara shiga Ƙofar Wambai ina tsintar dogayen riguna na gwanjo, ban gaya wa maigida ba don ina ganin nauyin da ke kansa. Ina jiƙa su da omo da Dettol kafin in sa, in ban da wata rigar sanyi da na yi asuba da ita kusan sati biyu da hunturu ban wanke ba, don tsaf take. Yayar maigidana ta ce haramun ne, kayan kafirai ne, wasu ma na matattu, ko an wanke ba a salla da su, in rama duk sallolin da na yi. Sannan ni da ƙawayena muna so mu haɗa kuɗi mu sayi dila guda mu raba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya mai amfani, 'yar uwa, ya sa wannan ƙoƙari ya zama kaffara.

Sayen tufar da wani ya taɓa sawa halal ne, ba a yi saɓani a kai ba. Iyayenmu mata sun daɗe suna saye a hannun dillaliya, babu malamin da ya taɓa hana su. Inda maganar take shi ne salla, kuma a cikin wasiƙarki kalma ɗaya ce ta tsayar da ni: kin ce kina “jiƙa” su. Ba ki ambaci ɗauraya ba. Ina kyautata zaton kina yi, don babu macen da za ta shanya kaya da kumfa a jiki, amma a wurinmu Malikawa a nan hukuncin ya rataya. Ruwan da omo ko Dettol ya canza masa launi ko ƙanshi yana fitar da datti, ba ya ɗauke hukuncin najasa. Ruwa tsantsa ne yake ɗauke shi. Saboda haka ki wanke da duk abin da kika ga dama, amma a ƙarshe ki kwarara wa rigar ruwa zalla ki matse, har ya fita garau. Idan haka kike yi, rigar ta tsarkaka, sallarki a cikinta daidai take da sallarki a cikin sabuwar atamfa.

Yanzu maganar yayar maigidanki. Ba daga sama ta tsinto ta ba, tana da tushe, sai dai an tsinke mata kai da ƙafa kafin ta iso kunnenta. A littafin Mudawwana, Imamu Malik ya ce ba a salla da tufafin da ma'abota amana, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune a ƙarƙashin mulkin Musulunci, suke sawa, amma abin da suka saƙa babu laifi, a kan haka magabata na gari suka tafi. Shehu Khalil ya kawo wannan a Mukhtasar. Mai wa'azi ya tsaya a nan, jama'a su watse da cewa gwanjo haramun ne. Da ya ƙarasa layin, da ya ga Khalil ya haɗa da tufar wanda ba ya salla, ko da Musulmi ne, da tufar da wani mai salla yake kwana da ita. To mene ne ya haɗa Kirista, da Musulmi mai wasa da salla, da rigar barcin mai salla a hukunci ɗaya? Ba aƙida ba ce. Rinjayen zaton najasa ne: wanda ba ya kiyaye fitsari don salla, galibi tufarsa ba ta kuɓuta. Illar, wato dalilin, da aka gina hukunci a kanta ke nan, kuma illa ce da bokitin ruwa yake kawar da ita. Cewa “ko an wanke” ƙari ne da ban san shi a littafin fiƙihu ko ɗaya ba. Rigar da fitsari ya jiƙa sharkaf, muka gani da idonmu, wanki yana tsarkake ta. Ta yaya rigar da zato kawai muke yi mata za ta fi ƙarfin ruwa?

Idan aka ce ai Allah ya kira mushirikai najasa a Suratut Tauba, mu ce najasar aƙida ake nufi a wurin jumhurun malamai, ba ta fata da gumi ba. An ɗaure Sumamatu ɗan Usal a jikin ginshiƙin masallacin Annabi (SAW) yana kan shirkarsa, ba a ruwaito an wanke wurin ba. An halatta auren mace ma'abociyar littafi, kuma ba a ce mijinta ya riƙa wanke jikinsa duk sanda guminta ya taɓa shi ba. Annabi (SAW) da kansa, a tafiyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira, ya sa jabba 'yar Sham mai matsattsun hannuwa, alhali Sham tana hannun Rumawa Kiristoci a lokacin, Bukhari ya ƙulla babi a kan salla a cikinta.

Batun matattu ya fi rauni. Wane gida ne a Kano ba a raba kayan mamaci a gado ba? Babbar rigar uba ɗa yake sawa ya je Juma'a, zannuwan uwa 'ya'ya mata suke ɗaurawa. Idan an ce wannan Musulmi ne, to a Hunaini, shekara ta 8, Annabi (SAW) ya ce wanda ya kashe abokin gaba kayan jikinsa nasa ne. Ga kafirci ga mutuwa sun haɗu a tufa ɗaya, aka mallaka wa sahabi ita. Balle ma yawancin gwanjo ba na matattu ba ne, kayan da masu shi suka gaji da su ne ko suka daina yi musu, kamar yadda naki suka daina yi miki.

Wani kuma zai ce kamanceceniya da kafirai ne. Doguwar riga mai rufe jiki ba alamar addinin kowa ba ce. In don inda tufa ta fito ne, sai a fara da atamfa 'yar Holan, da shaddar Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, da tarin yadin Chaina da ya cika Kantin Kwari. Ba na jin mai wannan fatawa zai yarda a buɗe akwatinsa.

Rigar sanyin da ba ki wanke ba, a mazhabarmu kuskure ne, da kin tambaya kafin ki sa da na ce ki wanke. Tsaftar ido da ƙanshin maganin da ake fesa wa dila ba tsarki ba ne. Amma ba zan ce ki rama ba. Ba ki ga najasa ba, ba ki yi da gangancin wasa da salla ba, lokacin waɗannan salloli ya fita tuntuni, kuma a cikin mazhabar kanta akwai zance mai ƙarfi cewa gusar da najasa sunna ce. Sauran mazhabobi uku sallar ta inganta a wurinsu muddin ba a tabbatar da najasa ba, sai dai wasu sun karhanta abin da yake bin tsiraici kamar wando. Ki wanke ta, ki bar waswasi.

Abin da ya kamata a ji tsoro a gwanjo daban ne, kuma ba a cika faɗarsa ba. Ki duba zane da rubutu. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Rubutun Turanci ko na wani yare da ba ki gane ba, ki sa a karanta miki tun a kasuwa. Na sha ganin yaro a sahun salla da kalmar batsa ko tallan giya a gadon bayansa, uwarsa ba ta sani ba. Kayan ciki kuwa, shawara nake ba ki ba fatawa ba, ki saya sababbi ko da masu araha ne. Sauran ki shanya a rana sosai ki goge, saboda ƙazuwa da kwarkwata.

Dila a rufe: asali sayen abin da ba a gani ba garari ne, wato cinikin kasada da shari'a ta hana, amma Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayar da ƙunshin tufafi bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, in ya dace da siffar ciniki ya zauna. Idan an faɗi nau'in kayan da darajarsu da nauyinsu, mai sayarwa kuma sananne ne, ina ganin ya halatta. Sai dai ban ga amfaninsa gare ki ba. Ke da jikinki bai tsaya wuri ɗaya ba, me za ki yi da tulin riguna da ba ki gwada ba? Ga rabon da ke ɓata zumunci, kowa idonta a kan riga biyar ɗin da suka fi kyau. Ki tsinci uku ko huɗu da hannunki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, ni kuwa shi ya fi damuna: maigida bai sani ba. Tausayin da kika yi masa Allah ya saka miki, amma tufatar da ke wajibinsa ne gwargwadon ƙarfinsa, malamanmu sun ƙaddara ta sau biyu a shekara, ta sanyi da ta zafi. Ba a ɗora masa sabon ɗinki duk wata biyu ba, amma matar da kayanta suka daina suturta ta saboda magani tana da haƙƙin a duba ta. Ki gaya masa da bakinki yau, kafin ya ji a bakin yayarsa da wani salo. Ina zaton abin da ya sosa mata rai ba salla ba ne, a ce matar ƙaninta tana sa gwanjo ne. Wannan kunyar dangi ce, ba hukuncin Allah ba. Kada ki kai mata wannan amsa kamar takardar sammaci. Yaya ce, ki ce kin tambaya an ce a ɗauraye, kin gode da ta tunatar da ke.

Kayanki na da kada ki yi gaggawar rabuwa da su. Zani ba ruwansa da ƙiba ko rama, riga ce kawai take neman tela, ki ce ya kama ta ciki kada ya yanke. Turamen da ba ki ɗinka ba ki bar su a akwati sai jiki ya tsaya. Anko ba wajibi ba ne, ki ba da haƙuri a wannan shekarar. Wanda za ki ba dillaliya ki bayyana aibinsa, wanda za ki bayar sadaka ki zaɓi mai kyau. Babu zakka a tufafin sawa kome yawansu. Kuma ki yi hattara da abin da yakan zo bayan an sauke jiki: matar da ta shekara goma tana ɓuya a cikin buba sai ta ga siket ya zauna mata, zuciya ta fara raya mata a gani. Wannan kwalliyar ta ɗaki ce. Gwanjo cike yake da matsattsu da shara-shara, hijabi na ƙasa da gwiwa ba ya rufe abin da ya rage.

Azumin Litinin da Alhamis, haɗa niyyar lada da neman lafiya ba ya ɓata shi, malamin Malikiyya Imamu Ƙarafi ya bambance wannan da riya. Amma ki sa ibadar a gaba, ki nemi izinin maigida tunda nafila ce, in kuma an ɗora ki a kan maganin suga kada ki ƙara kama baki sai likita ya sani, don suga yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya, wanda ba a san abin da aka zuba ciki ba, ki nisance shi. Idan kuma kika ga ramar ta fi ƙarfin abin da kike yi, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, kada ki tsaya murnar riga ta yi yawa, ki koma asibiti a auna ki a wannan satin.

Wallahu a'alam.